Injiniyan Fiyawata

Gidanmu a Sabon Zongo, unguwar da Malam Barko ya kafa, jifa ɗaya ne tsakaninsa da Abossey Okai, babbar kasuwar kayan gyaran motoci ta Accra. Shekara talatin ina ratsawa ta tsakanin lagireto da fambel da kawunan inji a shanye bakin titi, har zuciyata ta raya mini cewa kanikanci ya shige ni ta hanci. Ashe maƙwabtaka da mahauci ba ta koya wa mutum fiɗa.

Ina da a-kori-kura, tsohuwar Toyota Hilux mai shan dizal. Saura mako biyu Babbar Sallah allurar zafi ta fara hawa. Uwargida ta ce, "Alhaji, ka kai ta wurin fita mai gyaran mota mana." Na ce, "Hajiya, ni da nake kwana ina tashi da Abossey Okai?" Na ɗauko waya, na kalli bidiyo uku a YouTube, na yanke hukunci: tamostat ne. Wannan ɗan ƙarfe shi ne mai gadin ruwa, yana rufe hanya har inji ya ɗumama zuwa wajen digiri 82, sannan ya buɗe. Na tuɓe shi na jefa a aljihun mota. Allura ta ci gaba da hawa. Na ce to, famfon ruwa ne. Na sayi sabo da kuɗin da aka ware na ɗinkin yara. Allura ko a jikinta.

Sai na ɓullo da dabara. Na riƙa yawo da jakar fiyawata, mai ƙulli talatin, a bayan kujera. Kowace safiya in buɗe bonet, in fasa leda da haƙori, in ɗura wa lagireto, in cusa ledar a wani ɗan lungu gaban inji, don ni ba na zubar da shara a titi. Har alfahari nake da tsabtata.

Jajibirin Sallah surukina ya kira. Ya sayi sa a kasuwar Tulaku ta Ashaiman, yana son a kai masa gida Maamobi. Na ce, "Baba, an gama." Muka ɗaure sa a baya, Baba ya hakimce a gaba da carbinsa. A kan babban titin Tema allura tana hawa a hankali kamar tsoho a matattakala. Daga Tetteh Quarshie cunkoso ya fara. Kafin mu kai Kawukudi ta kwanta a ja. Muna shiga Nima, tururi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet kamar tukunyar waakye, shinkafa da wake.

Baba ya ce, "Lafiya dai?" Na ce, "Ƙishirwa take ji, Baba." Na sauka da taƙama, na naɗe hannun babbar riga. Wata mai koko da ƙosai a gefen titi ta ɗaga murya, "Alaji, kar ka buɗe!" Na dube ta irin kallon da masani ke yi wa jahili, na murɗa murfin.

Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Ruwa ya yi tsiri sama, hulata ta tashi ta sauka a kwata, ni kuma na tsinci kaina zaune a kan tiren mai tumatir ina salati. Allah ya taƙaita, yatsu biyu kawai suka sha ƙuna. 'Yan motocin haya na tirotiro suka leƙo ta taga suna ba ni shawara da Twi da Ga da Hausa a lokaci guda. San nan kuwa yana tuƙa, yana kallona, shi da gobe za a yanka amma ya fi ni kwanciyar hankali.

Aka kira wani dattijon fita da yaronsa. Masta bai taɓa komai ba sai da inji ya huce. Ya ce, "Alaji, yaushe take zafi? In a cunkoso ne kawai, iska ce ba ta isa, a duba fanka. In a gudu ne ko hawan dutsen Aburi, lagireto ya toshe ko famfo. In akwai farin hayaƙi a salansa, ko kumfa a ruwa, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, gasket ya ƙone." Na ce, "Masta, kullum take zafi." Ya zaro sandar auna mai, baƙi ƙirin, lafiya lau. Ya girgiza fanka, ya matsa tiyo. Sai ya juya murfin da ya ƙona ni, ya nuna mini robarsa: ta tsage kamar diddigen manomi.

Ya ce ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100, amma murfi mai kyau yana danne shi har ya kai wajen 120 bai tafasa ba. Nawa kuwa iska yake saki, ruwa na guduwa kullum. Kuɗin sabo bai kai na tuwon zafi kwano uku ba. Ɗan hakin da ka raina.

Ina shirin cewa dama na yi zargin haka, sai yaron ya zura hannu gaban lagireto ya jawo leda. Ya sake jawo wata. Jama'a suka fara ƙirgawa da ƙarfi. Fanka ta zuƙe su duk sun manne a fuskar lagireto kamar an yi masa lulluɓi. Aka tsaya a arba'in da ɗaya.

Masta ya ce, "Wane mugu ne ya yi maka wannan?" Baba ya ja carbi, ya ce, "Kuma tamostat ɗin yana aljihun mota, na gan shi." Aka mayar da shi mazauninsa.

Da magariba muka sauke sa a Maamobi. Na ba yaron ɗan ihsani, ya cusa ledojin a buhu zai sayar wa masu tara roba. Yana tafiya ya waiwayo ya ce, "Injiniya, in ka tara wasu, ka neme ni." Sunan ya riga ni isa Sabon Zongo.