Ranar Tashi: Irin Mutanen da Ake Gani Idan Manhaja Za Ta Sauya Gida

Ɗauke rubutun manhaja daga wannan shafi zuwa wancan ba wani aiki ba ne. Tun da Linus Torvalds ya ƙirƙiro Git a 2005, duk wanda ya sauke ma'ajiyar manhaja yana riƙe da tarihinta kaf a kwamfutarsa. Umarni biyu ko uku zai rubuta, ya tura ta inda ya ga dama kafin shayinsa ya huce. Amma ga Python nan: ya mayar da rubutunsa GitHub a Fabrairun 2017, kundin ƙorafe-ƙorafensa kuwa bai bi sahu ba sai Afrilun 2022. Akwai wahalar fasaha a ciki, ban musa ba. Sai dai buɗaɗɗiyar manhaja gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, kowa ɗan sa kai ne, ba mai biyan wani albashi balle ya ba shi umarni. Da an ce za a tashi, halin kowa sai ya fito fili.

Wanda ke fara magana shi ne Gaggawa. Shi ba ya karanta labari, kanun labari ya ishe shi. Ranar 4 ga Yunin 2018 Microsoft ta sanar da sayen GitHub a kan dala biliyan 7.5, kafin gari ya waye Gaggawa ya kwashe komai ya kai GitLab, ya bar wa sauran saƙo mai layi ɗaya: "Jama'a, mun tashi." Bai tambayi kowa ba, bai ɗauki ƙorafi ko ɗaya ba, injin da ke gwada manhaja duk lokacin da aka yi gyara ma ya bar shi can yana jiran gyaran da ba zai zo ba. Sai bayan kwana biyu wani ya raɗa masa cewa a lokacin GitLab ɗin kansa a kan na'urorin Azure yake zaune, wato na Microsoft. Ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Bai ji kunya ba, ya ce ai dama matakin farko ne.

Abokin faɗansa na har abada shi ne Malam Ba-Inda-Za-Ni. Shi ya buɗe wa manhajar shafi a SourceForge tun shafin yana sabo, kuma a ganinsa duk abin da aka ƙirƙiro bayan nan bidi'a ce. "Yara, me ya samu inda muke?" Ka ce masa sabbin masu ba da gudummawa ba sa iya aiko gyara ta imel, sai ya ce Linux har yau ta imel ake aika mata gyara, ko kun fi Linux ne? A nan ba ka da amsa, domin gaskiya ya faɗa. Abin da ba ya so a tuna masa shi ne mai gida na iya cire ƙofa kana ciki. Google Code an rufe shi a farkon 2016. Bitbucket ya daina karɓar ma'ajiyoyin Mercurial a 2020. A duk lokutan biyu akwai irin su Malam da suka zauna har daren ƙarshe, sannan suka fito da kaya a ka suna tambayar dalilin da ya sa ba a ba su isasshen lokaci ba, alhali an yi wata da watanni ana shela.

Sai Mai Aƙida, wanda na fi jin daɗin sauraro idan ba ni da wani aiki a ranar. Tambayarsa ɗaya ce, amsar da yake bai wa kansa kuwa ta kai shafi goma sha: yaya za a ɗora manhaja mai 'yanci a kan dandalin da shi kansa a kulle yake? Zai kawo maka labarin BitKeeper, yadda masu Linux suka dogara da kayan kamfani har aka janye musu izinin amfani kyauta a 2005, abin da ya haifi Git ɗin ma ke nan. Zai kawo maka kiran da ƙungiyar Software Freedom Conservancy ta yi a 2022 na a bar GitHub, bayan an fara sayar da Copilot, mataimakin rubuta manhaja na GitHub da aka horar da rubutun jama'a. Sannan ya nuna maka Codeberg, dandalin wata ƙungiyar sa kai da ke Berlin ta ƙasar Jamus, kamar mai nuna maka Aljanna. Ni dai ra'ayina, ya fi sauran gaskiya, tsawon bayani ne ke cinye masa magoya baya. Kuma idan ka leƙa da kyau za ka tarar ya bar kwafin manhajarsa a GitHub. "Don mutane su gane hanya," in ji shi. Kullum da safe yana zuwa duba ko masu yaba manhajar sun ƙara masa tauraro.

Maganar taurari, akwai wanda ba abin da ya dame shi sai su. Bai taɓa gyara ko waƙafi ba, amma ya san adadin taurarin manhajar kamar ranar haihuwarsa. Da ya ji ba a tafiya da su sabon wuri, sai ya shiga makoki. A bar shi, zai huce.

Wanda ya fi hatsari shi ne Ku-Bar-Min. "Me za mu je roƙo gidan wani? Ina da tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin tebur, ni zan riƙe mana uwar garke." Zai kafa hujja da Debian da GNOME da suka koma GitLab nasu na kansu a 2018, da KDE da ta bi bayansu. Ya manta waɗannan suna da rundunar masu kula da na'ura da masu ɗaukar nauyi. Shi kuwa shi kaɗai ne. Wata uku komai lafiya lau. Sai ya samu sabon aiki, ko ya yi aure, ko aka haifa masa, kalmar sirrin kuma tana kansa shi kaɗai. Ranar da na'urar ta tsaya za a aika masa saƙo, amsa ta dawo nan take cewa yana hutu.

Ɗan Tarihi shi ba ya adawa da tashi, sharaɗi kawai gare shi: kada a bar ko tsinke. Kowane gyara da sunan mai shi da ranarsa, kowace gardama da aka yi a ƙarƙashin ƙorafi mai lamba kaza, har wadda aka rufe da zagi. Ana yi masa dariya, amma a nan ainihin wahalar take. Git yana ɗauke da rubutun manhaja ne kawai. Ƙorafe-ƙorafe da muhawarar da aka tafka kafin a karɓi gyara suna cikin rumbun dandalin, kuma kowane dandali da tsarinsa. Lambobi ma karo suke yi. Shi ya sa a tarihin Python za ka ga tsofaffin gyare-gyare da alamar bpo, sababbi da alamar gh, domin lamba ɗaya na iya nufin abu biyu. Masu GCC, manhajar da ta fito tun 1987, sai a Janairun 2020 suka koma Git, bayan dogon aikin tace tarihi. Laifin Ɗan Tarihi guda ne: idan aka biye masa, jikoki ne za su kammala tashin.

An gama, an tare, an share ɗaki. Washegari sai ga Ba-A-Gaya-Mini-Ba. An yi wata shida ana muhawara, an kaɗa ƙuri'a, an manna sanarwa a saman kowane shafi da jan rubutu. Shi dai bai gani ba. "Wa ya yanke wannan hukunci? Ina aka tattauna?" A tura masa inda aka tattauna, ya ce ya yi tsawo. Yana da ƙane, wanda shekara uku bayan tashi yake ci gaba da aika gyara tsohon adireshi, yana mamakin yadda mutanen nan suka zama masu girman kai, ba sa amsa sallama.

Cikin wannan hayaniya akwai mutum ɗaya, sau da yawa ma ba ya cikin manyan da ake jin sunansu, wanda bai ce uffan ba a muhawarar. Shi ya rubuta 'yar manhajar da ta kwashe ƙorafe-ƙorafen, ya gwada ta fashe, ya sake gwadawa. Shi ya bi sunayen mutane ɗaya bayan ɗaya yana haɗa tsohon suna da sabo, ya sa tsofaffin adireshi su riƙa kai mutum sabon wuri, ya tada injin gwajin da Gaggawa ya yasar. Ladansa shi ne ƙorafi na farko da za a buɗe a sabon gida, daga Malam Ba-Inda-Za-Ni, cewa launin shafin yana sa masa ciwon ido.

Idan manhajar da kake amfani da ita ta tashi kwanan nan kuma ka tarar komai yana aiki, duba tarihin gyare-gyaren makon tashin, sunan da ya fi yawan fitowa da tsakar dare shi ne mutumin. Aika masa godiya, sannan ka gyara tsohon adireshin da ke cikin takardunka kafin ka buɗe ƙorafi.