Dokin Mai Baki: Rabe-Raben Masu Tuna Secretariat

Secretariat jan ingarma ne da aka haifa ranar 30 ga Maris 1970 a gonar kiwon dawaki ta Meadow da ke jihar Virginia a Amurka, kuma a 1973 ya cinye gasa uku mafiya daraja a fagen sukuwar ƙasar, wato Kentucky Derby da Preakness da Belmont, waɗanda ake ware wa dawaki 'yan shekara uku kaɗai, ake kuma kiran lashe su a jere cikin mako biyar Triple Crown, ma'ana kambi uku. Rabon da a ga dokin da ya yi haka tun Citation a 1948, shekara 25 ke nan. Idan aka haɗa duk lokacin da ya ɗauka yana gudu a gasar uku, bai cika minti 7 ba, amma hirar da ta biyo bayan waɗannan mintoci ta haura shekara 50 ba ta ƙare ba, har masu yin ta suka karkasu zuwa nau'o'i da ake iya tantancewa, kowane nau'i da dokin da yake tunawa, kuma da wuya a sami biyu daga cikinsu da ke magana a kan doki ɗaya.

Mafi daɗewa a cikinsu shi ne ganau, wato mutumin da ya rantse cewa yana filin Belmont Park na New York ranar 9 ga Yuni 1973, lokacin da dokin ya kammala mil ɗaya da rabi, kusan mita 2,400, cikin minti 2 da daƙiƙa 24, ya kuma ba wanda ke bin sa tazarar tsawon doki 31. Tsawon doki ma'auni ne na masu sukuwa, daga hanci zuwa gindin wutsiya, kimanin mita 2.4, don haka tazarar ta haura mita 70. Waɗanda suka shiga filin a ranar ba su kai mutum 70,000 ba, sauran miliyoyin kuwa a talabijin suka kalla, amma adadin ganau na da wata ɗabi'a da ta saɓa wa ta sauran 'yan'adam, domin maimakon mutuwa ta riƙa rage shi, ƙaruwa yake yi. Haka kujerarsa ma ba ta zama wuri ɗaya: a farkon shekaru yana can saman rumfa yana leƙe ta kafaɗar wani, bayan shekara 20 ya sauko bakin shinge, yanzu kuwa ya matso har ƙurar kofato ta taɓa masa riga, mahayin dokin Ron Turcotte kuma, da ya waiga ta ƙarƙashin hammatarsa yana neman sauran dawakin, sai da suka haɗa ido. Hausawa sun daɗe da sanin cewa dokin mai baki ya fi gudu, sai dai abin da ya ba ganau wahala a nan shi ne dokin gaskiya ya riga ya yi gudun da baki ba zai iya ƙara masa komai ba, shi ya sa ƙarin gishirin duk ya koma kan kujera.

Maƙwabcinsa shi ne mai tikiti, wanda ya fi shi hujja amma bai fi shi taƙaita magana ba. Dokar Amurka ta yarda da caca a kan tseren dawaki, kuma tsarinta shi ne a tara kuɗin kowa a raba wa waɗanda dokinsu ya ci, saboda haka idan kowa ya zuba a kan doki ɗaya ribar takan zama ba a bakin komai ba. A ranar Belmont tikitin dala 2 dala 2 da santi 20 ya biya, kuma tikiti fiye da 5,000 ba a taɓa mayar da su an karɓi kuɗinsu ba, masu su sun gwammace su ajiye don tarihi. Mai tikiti ya sa nasa a gilashi ya rataye a falo, yana kuma ba da labarin a matsayin sadaukarwa, da muryar wanda ya bar gado saboda zumunci, ba ya son a tuna masa cewa ribar da ya yafe santi 20 ce, balle a ce masu tara kayan tarihi yanzu suna sayen irin wannan takarda da kuɗin da ya ninka hakan sau da yawa.

Wanda ya fi cancantar dogon nazari shi ne mai agogo, mutumin da bai damu da launin dokin ko kyan wuyansa ba, domin shi Secretariat jerin alƙaluma ne da suka yi sa'ar samun ƙafa huɗu. Ya haddace cewa an ci Kentucky Derby, mai nisan mil ɗaya da kwata, cikin minti 1 da daƙiƙa 59.4, cewa dokin ya taso ne daga can baya, kuma kowane rubu'in mil da ya yi ya fi na bayansa sauri, abin da ya saɓa wa al'adar doki, wanda ke farawa da ƙarfi ya ƙare da haki. Zai faɗi wannan a wurin biki, zai faɗa a wurin ta'aziyya idan ya ga fuska. Amma abin da ya raya shi tsawon shekara 39 shi ne rigimar Preakness. A filin Pimlico na Baltimore ranar 19 ga Mayu 1973, agogon lantarki na filin ya nuna minti 1 da daƙiƙa 55, ma'aikacin filin mai agogon hannu ya ce 54.4, wakilai biyu na jaridar tsere ta Daily Racing Form kuma suka ce 53.4, kuma bambancin ba ƙarami ba ne, tun da bajintar da Canonero II ya kafa a 1971 minti 1 da daƙiƙa 54 ce cif, wato alƙalami ɗaya ya karya tarihi, sauran biyun ba su karya ba. Hukuma ta amince agogon lantarkin ya samu matsala, ta tsaya a kan 54.4, jaridar kuwa ta ci gaba da buga nata adadin a gefen na hukuma, mai agogo kuma ya samu abin yi na rayuwa. A watan Yunin 2012 hukumar tseren dawaki ta jihar Maryland, bisa roƙon mai dokin Penny Chenery wadda a lokacin ta kai shekara 90, ta sake duba faifan da na'urorin zamani, ta yanke cewa minti 1 da daƙiƙa 53 ne daidai, wanda ya fi abin da shi kansa mai agogo yake nema. An zaci zai yi murna, kuma ya yi ta kwana biyu, daga nan sai aka ga ya yi sanyi, domin an ba shi gaskiya an kuma raba shi da gardamar da yake fita da ita gida kowace safiya.

Akwai kuma lauyan doki, wanda aikinsa bayanin abin da sauran suka fi so a manta, wato cewa cikin tsere 21 da Secretariat ya yi, 16 ya ci, biyar suka kufce masa. Kowace faɗuwa tana da takardarta a aljihunsa. A tserensa na farko a 1972 an banke shi tun daga mafita ya zo na huɗu. A Champagne shi ya fara isa, alƙalai suka mayar da shi na biyu saboda ya gogi wani doki. A Wood Memorial, mako biyu kafin Derby, maruru ne ya fito masa a baki, linzami yana taɓa shi. A Whitney, inda wani doki mai suna Onion da bai taɓa cin babbar gasa ba ya kayar da shi a Saratoga, zazzaɓi ne a jikinsa. A Woodward kuwa an sa shi ne a ƙurarren lokaci a madadin abokin bargarsa Riva Ridge saboda ruwa ya jiƙa fili, Prove Out ya wuce shi. Abin ban haushi ga mai son musu da lauyan shi ne yawancin waɗannan uzurori gaskiya ne, abin ban dariya kuma shi ne bai taɓa tambayar ko dawakin da Secretariat ya kayar sau 16 su ma suna da maruru ba. Sunan Allen Jerkens, mai horar da Onion da Prove Out duka biyu, ba a ambatarsa a gabansa sai an shirya zama.

Likitan zuciya, wanda bai taɓa shiga makarantar likitanci ba, ya samo sana'arsa ne daga mutuwar dokin. Ranar 4 ga Oktoba 1989 aka kashe Secretariat da allura a gonar Claiborne ta Kentucky yana da shekara 19, don a hutar da shi daga laminitis, ciwon kumburin naman da ke riƙe kofato da ƙashin ƙafa, wanda ke hana doki tsayuwa. Likitan dabbobin da ya feɗe gawar, Thomas Swerczek, ya tarar da zuciya lafiyayya mai girman da bai taɓa gani ba, ya kuma ƙiyasta nauyinta da kusan kilo 10, alhali ta doki gama-gari ba ta wuce kilo 4 ba. Ƙiyasi ne, ba a ɗora ta a sikeli ba, kuma ta wannan ƙofa likitan zuciya ya shiga, domin abin da ba a auna ba yana da damar girma. A bakinsa zuciyar takan ƙara kilo ɗaya duk bayan 'yan shekaru, sannan yana da cikakken bayani a kan yadda babbar zuciya ke bin jinin uwa ta sauka ga 'ya'ya mata, ra'ayin da ya shahara tsakanin masu kiwo amma kimiyyar gado ba ta tabbatar da shi ba.

Mai hawaye ba ya buƙatar dogon bayani. Yakan kunna faifan Belmont, ya san sarai yadda zai ƙare, amma da dokin ya karya kwanar ƙarshe shi kaɗai sai murya ta sarƙe masa. Idan yana da karatu sai ya ce dokin ne ya haɗa kan Amurka a shekarar da badaƙalar Watergate da raunin yaƙin Vietnam suka raba ta, yana kafa hujja da fitowarsa a bangon mujallun Time da Newsweek da Sports Illustrated a mako guda, ko da yake babu alamar an sanar da dokin wannan nauyi. Shi ne ke kai furanni da tuffa da alewa kabarin Claiborne, inda aka binne gawar ɗungurungum, saɓanin al'adar binne kai da zuciya da kofato kawai. Daga cikin wannan nau'i ne akan sami ƙalilan da ke tuna Eddie Sweat, baƙar fatar da ya yi wa dokin wanka da abinci, ya kwana kusa da shi, ya kuma rasu a 1998 ba tare da dukiya ba, kuma waɗannan ba su cancanci a yi musu dariya ba.

'Yan adawa gida biyu ne. Na farko mutanen Man o' War ne, dokin 1919 da 1920 da ya ci tsere 20 cikin 21, ya kuma ɗauki nauyin da ya kai fam 138, alhali Secretariat bai taɓa ɗaukar fiye da 126 ba. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce mujallar Blood-Horse ta sa nasu a farko, Secretariat na biyu, a jerin dawakin Amurka na ƙarni na 20, rauninsu kuma shi ne babu ko ɗaya daga cikinsu da ya ga dokin yana gudu, abin da bai rage musu tabbaci ba ko kaɗan. Gida na biyu na masoyan Sham ne, wanda ya zo na biyu a Derby bayan ya buga kai a ƙofar mafita ya zubar da haƙora biyu, ya sake zuwa na biyu a Preakness, sannan ya yi kafaɗa da kafaɗa da Secretariat a farkon Belmont har ƙarfinsa ya ƙare ya zo na ƙarshe. Su mutane ne masu ladabi da sanyin murya, waɗanda galibi su ma suke ganin an haife su ne a shekarar da ba ta dace ba.

Tun 2010, da kamfanin Disney ya fitar da fim a kan dokin, aka samu sabon iri, wato ɗan fim, wanda ya yi imani cewa Secretariat shi kaɗai ya ceci gonar Meadow, bai san Riva Ridge ya ci wa gidan Derby da Belmont a 1972 ba, bai kuma san tseren Belmont da ya gani a fim a filin Keeneland na Kentucky aka ɗauke shi ba. Haɗa shi da mai agogo a tebur ɗaya ba hikima ba ce.

Saura masanin asali, wanda ke fara labari tun kafin a haifi dokin, daga jefa kwabon da aka yi a 1969 tsakanin Chenery da Ogden Phipps, na gidan masu ingarma Bold Ruler, uban Secretariat, don raba 'ya'yan goɗiyoyinta, inda Phipps ya ci ya zaɓi wata 'yar goɗiya, wadda ta faɗi kuma ta tashi da cikin da goɗiya Somethingroyal ke ɗauke da shi, wato Secretariat. Ya san an sayar da haƙƙin barbarar dokin kan dala miliyan 6.08, kashi 32 kowanne dala 190,000, tun kafin ya ci kambin, kuma ransa na ɓaci idan aka ce bai haifi kamarsa ba cikin 'ya'ya fiye da 600. Nan take zai kawo Lady's Secret da Risen Star, sannan ya juya ga 'ya'yansa mata, Terlingua uwar Storm Cat da Weekend Surprise uwar A.P. Indy, waɗanda ta hanyarsu jinin ya bazu a bargogin Amurka. A nan gaskiya tana tare da shi, har ta yi masa yawa, domin jinin ya game manyan dawakin ƙasar ta yadda a Kentucky Derby ta 2025 duk dawakin da suka fito jikokin Secretariat ne ta wata fuska. Saboda haka kowace shekara yakan jira a gama tsere, ya zaro takardar nasabar wanda ya ci, ya ɗora yatsa a kan sunan kakan yana gyaɗa kai, kuma har yau ba a taɓa ganin ya nemi takardar wanda ya zo na ƙarshe ba.