Agwagwa da Buje a Burtali

Ni dai na iya babur, duk Bodinga an shaida. Shi ya sa da ɗan yayata ya gurɗe hannu wurin ƙwallo, ga ragon suna da kular fura ana jira a wani ƙauye kafin Shagari, na karɓi makullin agwagwa da bujensa, wato Keke NAPEP ɗinsa, ban tambayi komai ba. Wanda ya riƙe taya biyu shekara da shekaru, in aka ƙara masa ɗaya ai sauƙi aka yi masa.

Ban bi kwalta ba. Titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Bodinga da Shagari ya miƙe Tambuwal da Jega ba wurin koyo ba ne: ga tireloli, ga motocin albasa, ga jami'an kiyaye haɗurra, lasisina kuwa ya tsufa a aljihu. Sai na kutsa burtali, hanyar shanu da kurar jaki, inda doka ɗaya ce tak, mai ƙaho shi ke fara wucewa.

Indiyawan da suka ƙera Bajaj ɗin nan sun haɗa kulochi da giya a hannun hagu, ka matse ka murɗa. Totur yana dama. Birkin tafiya kuwa yana ƙarƙashin ƙafar dama, a hannun dama babu abin matsewa ko ɗaya. Tun da shirin NAPEP na Obasanjo, na 2001, ya sa wa kekunan nan suna, ashe kowane yaro a tasha ya san haka, amma ba wanda ya ga dacewar ya faɗa min.

A wata kwana na yi kiciɓis da kurar jaki shaƙe da karan gero. Jakin ya tsaya ya dube ni. Yatsuna na dama suka kai cafka inda birkin babur yake, suka damƙo iska, wuyan hannuna ya murɗa totur. Keke ya yi gurnani. Na karkata hagu don in kauce, tayar baya ta hagu ta hau kunyar gona, ta ci gaba da hawa har ta rabu da ƙasa.

Wallahi gudun bai kai na mai sauri zuwa masallaci ba. Wannan ne abin da ya fi ci min rai. Da da gudu na kife, da an ce hatsari ne, a zo jaje. A hankali muka riƙa karkata, har na sami sararin ganin tayar tana juyi a sama, na ga murfin kula ya zame, na haɗa ido da ragon ta madubi. Sai jikina ya tuna da babur, na fitar da ƙafar dama don in dogara ƙasa. Ƙafar dama! Ita kaɗai ce Allah ya ɗora wa birki a duk jikina, ita na ɗauke na miƙa waje, na kuma bi ta da duk nauyina. Keke ya ga an taimaka masa, ya kwanta a yashi cikin natsuwa. Fura ta biyo bayan wuyana, mai sanyi, har cikin aljihun da lasisin yake. Rago ya tsinke igiya, ya taka kafaɗata ya fita. Jakin bai motsa ba.

Ina kwance sai ga wani dattijo da sanda, ya zagaya keken a tsanake.

"Sannu, Malam. Amma wagga mota ba ta hwaɗuwa."

"Baba, ga ta kwance."

"Awo, na gani. Ƙahwa ukku gare ta kamar murhu. Ka taɓa ganin tukunya ta kihe bisa murhu?"

Na ce don Allah ya kama min mu ɗaga. Ya ce a'a, ba a ɗaga irinta, in sa giyar baya, za ta tashi yadda ta kwanta. Ya kuwa ja da baya ya ba ni fili.

Can sai ga wani Alhaji a kan keken hawa, ya jingine shi. Shi ma bai kama ba. Ya ce a Makka ya shiga ƙananan motocin lantarki da ake yi wa tsofaffi ɗawafi a saman Harami, taya huɗu, kuma direba gare su, ba a miƙa wa kowane mahajjaci makulli. Gaskiya ya faɗa. Ni ma na san a Peachtree City ta jihar Jojiya a Amurka an shimfiɗa wa irin waɗannan motoci hanyoyinsu na kansu, kusan mil 100, sai an yi musu rajista da hukumar gari. Sai dai ilimi ba ya ɗaga keke, kuma ƙudaje sun fara gano furar.

Baba ya ce wa Alhaji taya huɗu ɓarna ce, ukku ta isa. Suka kama gardama a kaina, ɗaya ta gabas ɗaya ta yamma. Yaron mai jaki ne da wasu 'yan mata masu tallar nono suka ɗaga keken, suna ƙunshe dariya. Ragon kuwa tuni ya miƙe burtali ya nufi Shagari, Baba ya ce da na sake shi tun Bodinga da yanzu an feɗe shi.

Injin ya tashi. Don in wanke kaina, na ce Baba ya shigo in rage masa hanya, tunda shi ya ce ba ta faɗuwa.

"Ita na ce ba ta hwaɗuwa. Ban ce komi bisa direba ba."