Baka Mai Ƙusumbi

Na ji ku. Tun da na rataye bakan nan a zaure, duk wanda ya shigo sai ya kalle shi, ya kalle ni, ya ce, "Malam, wannan ƙusumbin fa? Gizagon ne ya dakushe, ko hannun ne ya gaji?" Wani ma cewa ya yi bakan nawa ya haɗiyi goruba.

To ku zauna. Ƙusumbin da kuke wa dariya idon itace ne, gurbin da reshe ya taɓa fitowa. Jijiyoyin itace ba sa ratsa shi, kewaye shi suke yi, kamar ruwan rafi ya tarar da dutse. In aka ja tsirkiya, bayan baka, wato gefen da ke kallon abin harbi, miƙewa yake yi, cikinsa kuma ya matse. Kai mai son sumul, da ka sa wuƙa ka baje idon nan, ka datse jijiyoyin da ke riƙe da bayan ke nan.

Ni ma da irinku ne. Bakana na farko na kankare shi tas, ya yi santsi kamar sabuwar muciya. Ja na uku, ƙas! Rabin sama ya dawo ya gaisa da goshina. Uwargida ta leƙo, ko sannu babu, ta ce, "Ƙululun da ka raba itacen da shi, ga shi nan ya dawo fuskarka."

Tun daga ranar nake barin ido da tudunsa. Ina bin jijiyar yadda ta karkata, in bar wa wurin ƙarin faɗi ta gefe da gefe, don kada ya tanƙwaru sosai. Maƙwabtansa na sama da ƙasa su ɗauki aikin. In idon matacce ne, baƙi, yana girgiɗi kamar haƙorin tsoho, sai in ƙwaƙule shi in cusa ɗan guntun itace da gam. In kuwa ƙato ne, ya zauna daidai bakin gefe, kuma ba yadda zan juya sandar ya faɗo tsakiya ko wajen mariƙi, wannan na murhu ne, ba musu.

Na hango mai taɓe baki can baya: "Ai masu ilimin abin ba sa haka." Haba Alhaji! Jirgin yaƙin Sarki Henry na Takwas na Ingila, Mary Rose, ya nutse a 1545, aka ciro shi a 1982. Cikin kayansa an samu bakuna 137 lafiya lau, kowanne wajen mita biyu, na itacen yew, wanda ya shahara da yawan ido. Masu sassaƙa shi har gobe da tudu suke barin idon. Su ma gizagonsu ne ya dakushe?

Wanda har yanzu bai gamsu ba, akwai wani sumul a bayan ƙofa, ƙanen wancan na farko, ban taɓa jan sa ba. Bismillah, ya zo ya gwada. Amma ya taho da man zafinsa, nawa ya ƙare.