Sakataren Dole

A gidan da nake haya a Wudil, idan ana rabon muƙami ba cancanta ake dubawa ba, wanda bai zo taro ba ake nema. Ranar da aka kafa kwamitin gida na tafi bakin gada sayen kifi. Kafin in dawo har an shafa fatiha, an naɗa ni sakatare. Hujjarsu wai ni malamin makaranta ne, ba a raba ni da biro.

Gidan namu irin waɗanda suka yawaita ne tun da aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha a 2001, wadda aka mayar wa sunan Aliko Dangote a 2022: ƙofa ɗaya, sassa rututu, rijiyar burtsatse ɗaya, maigadi ɗaya. Cikinmu akwai Dakta mai koyarwa a jami'a, da Yallaɓai ɗan sanda mai ritaya wanda shi ne shugaba, da Alhaji dillalin shanu, da Hajiya mai atamfa wadda ke riƙe da kuɗi, sai Malam da ke jan mu salla.

Rigimar farko a kan harshe aka yi ta. Dakta ya ce a rubuta bayanin taro da Turanci, domin ranar da za a buɗe wa kwamiti asusu, banki zai nemi takardar zaman da aka amince da masu sa hannu. Malam ya zaro naira dubu daga aljihu ya ɗaga sama.

"Ku duba nan. Kuɗin da kuke faɗa a kansu ma da ajami a jikinsu. Me zai hana a rubuta da shi?"

"Allah ya gafarta Malam, to wa zai karanta mana?"

"Ni."

Nan kowa ya yi shiru, domin Malam na cikin waɗanda ake bi kuɗin maigadi. Alhaji kuwa cewa ya yi duk wahalar banza ce. A kasuwar kara ranar Juma'a, in ji shi, ana cinikin bijimin da ya fi albashina na shekara da musafaha da shaidu, ba a taɓa neman biro ba. Daga ƙarshe aka tsaya a kan Hausar boko.

Ni kuma na ɗauki abin da zafi. Na sayi babban littafi mai baƙin bango, na ƙudurta ba zan bar ko tari ya wuce ni ba. Da wata ya zagayo, Yallaɓai ya ce, "Malam Sakatare, karanto mana na baya." Na miƙe, na gyara murya.

"Hajiya ta ce injin rijiya ya ƙone ne saboda wasu suna wanke mota safe da yamma kamar gawa. Dakta ya ce motarsa ce, ba ta gado ba. Alhaji ya ce ai da ta gado ce da ta fi haka kyau. Aka yi dariya, ban da Dakta."

Ban kai layi na gaba ba Dakta ya miƙe. Ashe a wancan zaman bai ji maganar Alhaji ba, yana amsa waya. Dariyar ma ya zaci da wani ake. Faɗan da ya kwanta wata guda, ni na tashe shi da bakina, da wasali da aya. Har aka kira magariba ba a taɓo zancen injin ba.

Sai na koma gajartawa. Na rubuta: "An tattauna batun rijiya. An amince kowane sashe ya kawo kasonsa." A ganina duk abin da littafi ke buƙata ke nan: me aka yanke, wa zai yi, nawa ne. Amma Yallaɓai ya ɓata rai.

"Malam, jawabin da na yi a kan tsaro fa? Na kusa rabin awa a tsaye."

"Yallaɓai, yana cikin 'an tattauna'."

Hajiya ta ce ita ta fara kawo shawarar kason amma babu sunanta. Alhaji ya ce bai san da wani "an amince" ba, shi kai kawai ya gyaɗa, kuma gyangyaɗi yake yi. A nan na gane kowa so yake littafin ya nuna shi mai hikima ne, maƙwabcinsa kuma mai bashi.

Dakta ya kawo dabarar zamani: a ɗauki murya da waya, a tura wa kowa ta WhatsApp, ba ragi ba ƙari. Aka ajiye wayata a tsakiyar tabarma. Abin da ta kama da kyau shi ne kukan akuyar maƙwabta da ƙarar tirelolin da ke bin hanyar Maiduguri. Muryar mutane can ƙasa-ƙasa. Sai da aka watse, Hajiya da Malam suka matso daidai bakin wayar, ni ina naɗe tabarma, suka shiga lissafin wanda bai biya ba da abin da matarsa ta sayo ranar kasuwa. Wannan ɓangaren ya fito tas, ko gidan rediyo albarka. Ban saurara ba na tura. Sati guda sashe biyu ba sa gaisawa, 'ya'yana kuma aka daina ba su aron turmi.

Wani dare na zauna ina juya shafukan littafin, sai na ga ashe zamanmu duk ɗaya ne. Injin rijiya ya samu matsala. Maigadi yana bin bashi. Yallaɓai ya ja hankali a kan rufe ƙofa da wuri. Alhaji ya ce kason ya yi yawa, daga baya ya yarda. Saboda haka na fara rubuta bayanin tun daren jajiberin taro, in ba kowa layinsa guda mai daɗin ji, in bar gurbin kwanan wata da na kuɗi. A wurin taro sai in riƙa motsa biro ina gyaɗa kai. Tun daga nan ba a ƙara yi mini gyara ba. Yallaɓai har cewa ya yi hannuna ya faɗa.

Watan jiya na karanto: "Alhaji ya ce kason ya yi yawa, daga baya ya yarda."

Dakta ya ɗaga hannu. "Malam Sakatare, Alhaji fa yana Umara lokacin wancan zaman."

Gumi ya keto mini. Kowa ya juya ya dubi Alhaji, wanda ke zaune da sabon carbinsa.

"Nawa aka yanka?" ya tambaya.

Hajiya ta faɗa masa.

"Kai, ya yi yawa!" Ya ɗan ja carbi. "To, shi ke nan, a bar shi. Malam, bar rubutunka yadda yake."

Yallaɓai ya karɓi littafin ya sa hannu.