Ƙwaƙwalwa a Kwalba

A 1976 BBC ta nuna The Brain of Morbius, labari mai kashi huɗu a shirin Doctor Who. Wani likita, Solon, ya adana ƙwaƙwalwar azzalumi Morbius a kwalba, yana harhaɗa masa gangar jiki da guntayen gawarwaki: hannu ɗaya na mutum, ɗaya irin na ƙaguwa. Kai kaɗai ya rage. Kwatsam sai ga jarumin shirin, Tom Baker, ya shigo gidan Solon don ya fake wa ruwa, maigida ya hau yaba kyan kan baƙo. Wanda aka yaba wa kai tun bai zauna ba, ai ya nemi takalmansa!

Da labarin ya fito a kaset ɗin bidiyo a 1984, sai aka datse shi ya koma kamar awa guda. Solon dai, ko ba komai, in ya yanka yakan ɗinke.