Risala Kan Ilimin Yasar Attajiri

Ka sani, ya kai mai neman sani, damfara fanni ce mai rukunai da sharuɗɗa, kuma ba a taɓa yi mata sharhi mai gamsarwa kamar fim ɗin Nightmare Alley na 1947 ba. Edmund Goulding ne ya ba da umarni, daga littafin da William Lindsay Gresham ya wallafa a 1946. Tyrone Power ya fito a Stanton Carlisle, shehin da za mu durƙusa a gabansa yau.

Rukuni na farko, neman ilimi a wurin ma'abotansa. Stan ya soma ne a ayarin 'yan wasa masu yawo gari-gari a Amurka, inda Zeena da mijinta Pete suke da wani zaurance. Mataimaki zai shiga cikin jama'a, ya ɗaga agogon wani, ya yi tambaya. Kalmomin tambayar da inda ya danna murya su ke gaya wa mai rufaffen ido amsa. Wata rana Stan ya miƙa wa Pete kwalba, ashe ta guba ce. Pete ya mutu, zaurance ya dawo hannun Stan. A istilahin fanni, wannan shi ake kira gado.

Rukuni na biyu, zaɓen wanda za a yasa. Talaka makaruhi ne, domin ribarsa kaɗan ce, danginsa kuma masu gora ne. Shi ya sa Stan ya ɗauki matarsa Molly ya koma manyan gidajen rawa na Chicago. Sai dai a lura da ƙa'ida: ba a kama attajiri da kwaɗayi, tunda ya riga ka ƙoshi. Ana kama shi ne ta abin da kuɗinsa suka kasa sayowa. Gano wannan aikin Lilith Ritter ne, likitar ƙwaƙwalwa mai naɗar asirin masu zuwa wurinta a faifai. Daga gare ta aka san ciwon attajiri Ezra Grindle, wato budurwarsa Dory da ta daɗe da rasuwa. Dala 150,000 ya ajiye, sauran sai ya gan ta da idonsa.

Rukuni na uku, kada a saka mai tausayi a aiki. Cikin dare aka yi wa Molly shigar mamaciyar, aka tsayar da ita can nesa a lambu. Tsohon ya zube a kan gwiwoyinsa yana neman gafara. Zuciyar Molly ta karye, ta fasa ƙwai. Malaman fanni sun yi ittifaƙi cewa tausayi yana warware damfara kamar yadda barci ke warware alwala.

Rukuni na huɗu, gaba da gabanta. Stan ya garzaya wurin Lilith karɓar kuɗin Grindle da ya ba ta ajiya, ta miƙa masa ambulan a mutunce. Da ya buɗe, takardu 150 ne cif, kowace ta dala ɗaya.

Tambihi: a farkon fim Stan ya ga wani mashayi da ake nuna wa 'yan kallo yana gatsar kan kaza da ranta a kan ladan kwalba, ya tambaya yadda mutum kan lalace haka. Fannin bai bar shi cikin jahilci ba. Da ya koma ayari neman aiki, gurbin da aka ba shi ke nan, ya kuma karɓa.